Idan Dasashi Ya Janye: Wa Dashe Zai Amfana, Wa Kuma Ba Zai Amfana Ba

Dasashin da ya janye daga jikin haƙori ba ya komawa da kansa. Kasuwa cike take da man goge baki da ruwan kurkure da garin magani da ake cewa suna mayar da shi. Wasu suna rage kumburi, wasu suna kwantar da zogi, amma babu ɗaya da ke sa naman da ya tafi ya sake hawowa ya rufe saiwa. Wuƙar likita kaɗai ke iya wannan, ita ma ba a kowane baki ba.

Mai matsalar yakan fara ganin haƙori ɗaya, galibi fiƙa ko na kusa da ita, ya fi 'yan uwansa tsawo, gindinsa ya yi launin ɗorawa. Wani kuwa sai ya kurɓi ruwan sanyi ya ji zafi ya tsarga masa har ka. Haƙorin bai ƙara tsawo ba, saiwarsa ce ta fito fili. Kan haƙori yana da farin ɓawo wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, saiwa kuwa ba ta da shi. Siririn ɓawo ne ya rufe ta, mai saurin gogewa, a ƙarƙashinsa kuma akwai dubban ƙananan kafofi da suka miƙe zuwa ga jijiyar haƙori. Sanyi ko zaƙi ko iskar hunturu suna motsa ruwan da ke cikin kafofin nan, jijiya ta amsa da zafi. Martin Brännström, masani ɗan ƙasar Suwidin, shi ya kafa wannan bayani a shekarun 1960, har yau kuma da shi ake aiki. Saiwar da ta fito ta fi kan haƙori saurin ruɓewa, buroshi kuma yana cin ta a hankali har ya yi mata gurbi.

Kafin a yi zancen tiyata dole a san abin da ya kori dasashin, domin janyewa iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Binciken da ya fi fito da wannan fili shi ne wanda Harald Löe da abokan aikinsa suka buga a 1992, bayan sun bi bakunan mutane na tsawon kimanin shekara ashirin a ƙasashe biyu. A Norwe sun bi ɗalibai da malaman birnin Oslo, masu goge baki kullum, masu zuwa wurin likita. A Siri Lanka sun bi leburorin gonakin shayi waɗanda ba su taɓa ganin likitan haƙori ba. Duka ɓangarorin biyu dasashinsu ya janye. Na Norwe, fiye da kashi 60 cikin 100 na masu shekara ashirin sun riga sun fara, kuma janyewar ta fi yawa a fuskar haƙori ta wajen leɓe, inda buroshi ke bi. Na Siri Lanka kuwa ta zagaye haƙorin ne ta kowane ɓangare, har tsakanin haƙora, da suka kai arba'in kuma babu wanda ya tsira. Na farko tsabta ce da aka yi da ƙarfi fiye da kima a kan dasashi mara kauri. Na biyu cuta ce: datti ya daskare a gindin haƙori, ƙwayoyin cuta suka cinye ƙashin da ke riƙe da shi, dasashi ya bi ƙashi ya sauka.

Akwai mutanen da haka aka halicce su, dasashinsu siriri, ƙashin da ya rufe saiwa ta gaba bai kai kaurin farce ba, wani wurin ma babu shi sam. Haƙorin da ya turo gaba daga layin 'yan uwansa ya fi shiga wannan hali, haka wanda aka tura waje da wayar daidaita haƙora. Irin wannan baki ba ya jure buroshi mai tauri da ake gurza shi hagu da dama. Ba ya jure gawayi da toka da gishiri da wasu ke dirza haƙora da su don su yi fari. Garin tabar da ake ajiyewa a cikin leɓe yana cinye dasashin wurin da ake ajiye shi. Asuwaki ma ya shigo cikin lissafi: wani bincike daga Saudiyya da aka buga a 1991 ya sami janyewa ta fi yawa ga masu amfani da shi. Ban ɗora laifin a kan icen ba. Asuwaki sunna ne, kuma yana tsabtace baki ƙwarai idan an tauna bakinsa ya yi laushi, aka bi haƙori da shi daga dasashi zuwa tsini. Wanda ya bar shi ya bushe, yana zaune yana gurza fiƙa ɗaya da shi tun safe har la'asar, shi ne yake yi wa kansa ɓarna.

To, duk wanda dasashinsa ya janye sai an yi masa dashe, wato a ɗebo nama a dasa masa a wurin? Likitoci sun daɗe suna jayayya a kan wannan, kuma jayayyar tana da amfani ga majinyaci ya sani. Dasashi kashi biyu ne: akwai mai tauri da ya manne wa ƙashi a gindin haƙori, sai tattausar fata ja mai motsi da ta ci gaba zuwa cikin leɓe. A 1972 Niklaus Lang da Löe suka buga cewa ana buƙatar aƙalla milimita biyu na mai taurin kafin dasashi ya zauna lafiya. Wannan adadi ya shiga kan likitoci, aka yi ta yi wa mutane dashe a shekarun 1970 don kawai ma'auni ya nuna bai kai biyu ba. A shekarun 1980 Jan Wennström na Jami'ar Gothenburg ya nuna cewa dasashi siriri yana iya zama lafiya shekara da shekaru muddin babu datti a kansa. Wani bincike na Amurka da aka buga a 1985 ya ƙara haske. An yi wa mutane dashe a gefe ɗaya na baki, aka bar ɗaya gefen, aka bi su shekara shida. Waɗanda suka ci gaba da zuwa ana duba su, babu wani bambancin lafiya tsakanin gefen biyu. Waɗanda suka daina zuwa, gefen da ba a yi wa dashe ba ya fi kumbura, ya kuma ƙara janyewa.

Daga baya aka sami bayanai masu dogon zango. A 2016 Leandro Chambrone da Dimitris Tatakis suka tattara binciken da aka yi kan janyewar da aka bari ba a taɓa ba, suka sami kusan kashi 78 cikin 100 na wuraren sun ƙara zurfi da tafiyar lokaci. A wannan shekarar ce Giancarlo Agudio da abokansa a Italiya suka buga sakamakon mutanen da suka bi tsakanin shekara 18 zuwa 35. Kashi 83 cikin 100 na wuraren da aka yi wa dashe janyewarsu ta ragu, kusan rabin takwarorinsu da aka bari kuwa ta ƙaru, alhali masu bakin mutane ne masu kula da tsabta. Amma a lura da abu ɗaya: ƙaruwar tana tafiya ne sannu a hankali, kuma janyewar da buroshi ya jawo, ita kaɗai, da wuya ta fitar da haƙori. Likitan da ya ce wa mutum haƙorinsa zai faɗi nan da shekara ɗaya saboda milimita biyu na saiwa sun fito ya tsorata shi fiye da yadda hujja ta bayar.

Abin da nake ganin ya dace shi ne a auna, a ɗauki hoto, a gyara yadda ake goge baki, a dawo bayan wata shida ko shekara a sake aunawa. Idan zogi ne kawai damuwar, akwai man goge baki na masu jin sanyi a haƙori, akwai maganin da likita ke shafawa ya toshe kafofin saiwa, akwai ciko. Dashe yana shigowa ne idan janyewar tana ƙaruwa duk da gyaran, ko dasashi mai tauri ya ƙare har mutum ba ya iya sa buroshi a wurin don zafi, ko zaren naman leɓe yana jan gefen dasashi duk sa'ad da aka yi magana, ko za a sa wayar da za ta ƙara tura haƙorin waje. Akwai kuma mai cewa ba ya iya dariya a cikin mutane. Wannan ma dalili ne, bai kamata a raina shi ba. Budurwar da ke rufe baki da mayafi saboda haƙori ɗaya ya yi tsawo tana da haƙƙin neman gyara, muddin an gaya mata gaskiyar abin da zai yiwu.

Gaskiyar abin da zai yiwu kuwa ba a fuskar haƙorin da ya tsiraita ake karanta ta ba, a gefunansa biyu ne. Saiwar haƙori ba ta da hanyoyin jini a samanta. Naman da aka ɗora mata tamkar dashen shuka ne a kan fako: sai dai ya sha daga ƙasa mai rai da ke kewaye da shi. Ƙasa mai rai a nan ita ce ƙashi da ɗan tsinin dasashin da ke cike tsakanin haƙori da maƙwabcinsa. Idan suna nan daram, akwai inda dashe zai sami jini, akwai kuma abin da zai rataya a kai. Idan cuta ta cinye su har aka fara ganin baƙin rami tsakanin haƙora, dashen ba zai iya hawa ya wuce tsayinsu ba, komai gwanintar mai yi.

A kan wannan ne P. D. Miller, likita a Amurka, ya kasa janyewa aji huɗu a 1985. A aji na ɗaya da na biyu ƙashin tsakanin haƙora lafiya lau yake, ana sa ran rufe saiwa gaba ɗaya. A na uku an yi asarar wani abu, rufewar rabi da rabi ce. A na huɗu ba a sa ran komai. Francesco Cairo na birnin Florence ya sauƙaƙa rabon zuwa uku a 2011, yana gwada asarar da aka yi a tsakanin haƙora da wadda aka yi a fuska, kuma nasa ne babban taron ƙwararrun Amurka da Turai da aka yi a Shikago a 2017 ya ɗauka. Duk wanda aka ce za a yi wa dashe ya kamata ya tambayi likita a wane aji yake, kuma kashi nawa na saiwar ake sa ran rufewa. Likitan da ya san aikinsa zai amsa ba tare da kwana-kwana ba.

Ita kanta tiyatar ta yi doguwar tafiya. A 1956 Grupe da Warren suka fara jawo dasashin haƙorin da ke maƙwabtaka a gicciye su rufe wanda ya tsiraita, sai dai wani lokacin maƙwabcin ne ke biyan bashin. A 1963 Hilding Björn na Suwidin ya bayyana ɗebo nama daga wani wuri a baki a dasa, Sullivan da Atkins kuma suka shimfiɗa ƙa'idojin aikin a 1968. Wannan shi ne dashe na asali: a yanko falle daga ganɗa, da fatarsa da naman ƙarƙashinta, kaurin milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a ɗinka shi a kan wurin da aka shirya masa a gindin haƙori. Kwana biyu zuwa uku na farko ba shi da hanyar jini ko ɗaya, ruwan jinin da ke tsatsowa daga ƙarƙashinsa ne ke raya shi. Daga nan ƙananan jijiyoyi su fara kutsawa cikinsa, kafin kwana goma sha ɗaya ya haɗu da jiki, ya ci gaba da nuna har mako shida. Shi ya sa motsi kaɗan ko gudan jini da ya taru a ƙarƙashinsa a kwanakin farko ke iya kashe shi.

Wannan dashe yana da ƙarko, kuma har yau babu abin da ya fi shi idan abin da ake so shi ne a samar da dasashi mai tauri a haƙoran gaba na ƙasa, inda leɓe ke rufewa. Aibinsa biyu ne. Ba ya rufe saiwa sosai, sannan yana riƙe launin ganɗar da aka ɗebo shi, ya zauna fari-fari a tsakiyar dasashi, abin da kan fi fitowa ga mai duhun dasashi irin yawancinmu. Wurin da aka ɗebo shi kuma buɗaɗɗen ciwo ne da ke ɗaukar mako biyu zuwa huɗu kafin ya rufe.

Mafita ta zo daga wata tambaya da ba ta da alaƙa da kyau ko muni: mene ne ke sa fatar dasashi ta yi tauri, ta leɓe kuma ta yi laushi? Thorkild Karring da abokan aikinsa suka nuna a 1975 cewa naman da ke ƙarƙashin fata shi ke ba ta umarni. Idan aka ɗauki naman cikin ganɗa ba tare da fatarsa ba aka dasa a wani wuri, fatar da za ta tsiro a kansa mai tauri ce. Alan Edel ya riga ya gwada hakan a bakin mutane a 1974. A 1985 Burton Langer da Laureen Langer a New York suka mayar da shi hanyar rufe saiwa, kuma ita ce har yau ake auna kowace sabuwar hanya da ita.

Ga yadda ake yi. Bayan allurar kashe zafi, likita ya kankare saiwa ta yi sumul. Ya ɗaga dasashin wurin a hankali, ya saki zaruruwan da ke ɗaure shi ta ciki har ya iya hawa kan haƙori ba tare da an ja shi ba. Sai ya koma ganɗa ya tsaga ƙofa, ya zaro siririn nama daga ƙarƙashin fata, ya mayar da fatar ya ɗinke. Ya shimfiɗa naman a kan saiwa, ya jawo dasashin da ya ɗaga ya lulluɓe shi, ya ɗinke. Dashen ya sami jini ta fuska biyu ke nan, ta ƙasa da ta sama. Launin da ake gani na dasashin wurin ne, don haka bayan 'yan watanni da wuya a gane an taɓa. Ciwon ganɗa kuma rufaffe ne. Aikin haƙori ɗaya ko biyu yakan ɗauki kamar awa ɗaya, mutum ya tafi gida a ranar.

Daga baya aka yi ta rage yanka. Peter Raetzke a Jamus, shi ma a 1985, ya nuna ana iya buɗe aljihu a cikin dasashi a cusa naman ba tare da an tsaga gefe ba. A shekarun 1990 aka haɗa aljihunan haƙora da dama suka zama hanya ɗaya ta ƙarƙashi, a ja dogon dashe ta ciki. A 2000 Giovanni Zucchelli da Massimo De Sanctis a Italiya suka fito da yadda za a ɗaga dasashin jerin haƙora a lokaci guda. Duk waɗannan sun rage tabo da zafi. Sai dai bitar da cibiyar Cochrane ta sabunta a 2018 ta nuna wani abu da ya kamata ya sa majinyaci ya natsu wajen zaɓen likita: da wannan hanya ɗaya ta naman cikin ganɗa, a wasu binciken ƙasa da ɗaya cikin biyar na saiwoyin aka rufe ɗungum, a wasu kuma sama da tara cikin goma. Wannan tazara ta hannu ce da zaɓen wanda ya dace a yi wa. Dasashin da aka ɗinke yana a ɗame zai koma inda ya fito. Wanda ya yi siriri ƙwarai zai iya mutuwa a kan saiwa. Milimita ɗaya ake faɗa a kai, shi ya sa da yawa daga masu wannan aiki suke yin sa da gilashin ƙara girma da zare mai sirantar gashi.

Ganɗa ita ce abin da mutane suka fi tsoro, kuma suna da hujja. Babbar jijiyar jini tana bi ta cikinta daga baya zuwa gaba. Wani awo da aka buga a 1996 ya nuna tana nesa da wuyan haƙori da kimanin milimita 7 ga mai shimfiɗaɗɗiyar ganɗa, 12 ga matsakaici, 17 ga mai zurfi. Saboda haka ake ɗiba tsakanin fiƙa da matauni na farko, ba a zurfafa ba. Jini bayan aiki shi ne matsalar da aka fi gani a nan, danna wurin da auduga mai tsabta na mintuna yakan tsayar da shi, wasu likitocin kuma suna yi wa majinyaci farantin roba da zai kare ganɗar. Ana kuma iya ɗiba daga tudun naman da ke bayan matauni na ƙarshe a sama, wanda ya fi ƙarancin zafi, sai dai ba shi da yawa. Naman ganɗa yana sake cikowa, bayan wasu watanni ana iya sake ɗiba.

Tsoron ganɗa da ƙarancin naman, musamman ga mai haƙora shida ko takwas da suka tsiraita, su suka buɗe kasuwar abin maye. Akwai AlloDerm, fatar mutanen da suka yi wasiyyar bayar da sassan jikinsu, an wanke ƙwayoyin halittarta an bar saƙar kawai. An fara amfani da ita ne ga masu ƙuna a shekarun 1990. Akwai Mucograft na kamfanin Geistlich na Suwizalan, wanda aka yi daga jikin alade. Akwai Emdogain, wani ruwa mai kauri da ake shafa wa saiwa, wanda aka ƙirƙiro a Suwidin, ana samo shi daga haƙoran 'ya'yan alade da ba su gama fitowa ba. Akwai kuma hanyar da John Chao na Kaliforniya ya buga a 2012, a huda ƙaramar kafa a saki dasashi ta ciki a turo shi, a tokare shi da ƙyallayen kolajin na dabba, ba ɗinki. Ana tallata ta ƙwarai, amma hujjar da ke bayanta ba ta kai ta dashen ganɗa yawa ko tsawon shekaru ba.

Mai karatu Musulmi ya riga ya ga inda maganar ta nufa. Malamai suna da bayani kan abin da ya sauya daga asalinsa, da kuma kan larura, kuma ba su haɗu a kan fatawa ɗaya ba. Ba hurumina ba ne in yanke. Abin da nake da tabbaci a kai shi ne haƙƙin majinyaci ne a gaya masa daga ina abin da za a sa masa a baki ya fito, tun kafin ya kwanta a kujera. Masu zuwa Masar ko Indiya ko Turkiyya ko Dubai neman aikin haƙori su tambaya da bakinsu, domin sunan da ke jikin kwali ba ya faɗa. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne hujjar likitanci ma ta karkata ga naman mutum na kansa. Abubuwan maye suna rage zafi da lokacin aiki, suna kuma ba da sakamako mai kyau a shekarar farko, amma wajen kauri da daɗewa naman ganɗa ne a gaba.

A garuruwanmu akwai wata matsala da ta riga duk wannan. Ƙwararrun dasashi kaɗan ne, yawancinsu a asibitocin koyarwa na manyan birane, mutane da yawa kuma ba sa zuwa wurin likitan haƙori sai ciwo ya hana su barci. Bakin da ya shekara talatin ba a taɓa yi masa wankin haƙori ba, idan dasashinsa ya janye, ya fi kama da na leburorin shayin nan fiye da na ɗaliban Oslo. Irin wannan baki ba dashe yake buƙata da farko ba. A cire dattin da ya daskare a sama da ƙarƙashin dasashi, a kashe kumburi, a ceci ƙashin da ya rage. Nan ne kuma wata mummunar fahimta ke shigowa. Bayan wanki kumburi yakan sace, dasashi ya koma girmansa na gaskiya, saiwa da ramukan da datti ya ɓoye su bayyana, sai mutum ya ce wankin ne ya ɓata masa haƙora, ya hana 'yan uwansa zuwa. Ɓarnar ta riga ta faru tun da daɗewa. Ɗora dashe a kan dasashin da ke zubar da jini kuwa asarar kuɗi ce da nama.

Mai shan sigari ma haka. Hayaƙi yana matse ƙananan jijiyoyin da dashe ke jira, bincike da dama kuma sun nuna masu sha suna samun rufewa ƙasa da ta waɗanda ba sa sha. Likitoci da yawa ba sa yarda su yi aikin sai an daina. Mai ciwon suga sai sugansa ya daidaita. Mai shan maganin tsinka jini ya faɗa tun farko, kada kuma ya dakatar da shi da kansa.

Bayan aiki rabin nasara tana hannun majinyaci. Ba a sa buroshi ko asuwaki a wurin har kusan mako biyu, ana kurkure da ruwan maganin kulohezidin da likita zai rubuta. Ko a alwala, a juya ruwan a hankali, kada a sa yatsa. Babban jarabi shi ne ɗaga leɓe a gaban madubi don a ga yadda ake ciki, wannan jan kuwa yana iya raba dashen da jijiyoyin da suka fara kama shi. A makon farko saman dashen yakan yi fari ko toka-toka, har ya saɓule, musamman irin na asali mai fata. Ba mutuwa ya yi ba, tsohuwar fatar ce ke tafiya. A ci kunu da koko da suka huce, da fate, da tuwo mai laushi, ta ɗaya gefen. Goro da ƙilishi da rake da ƙuli-ƙuli su jira. Ana cire zare tsakanin kwana 10 zuwa 14. Ciwon da ke ƙaruwa bayan kwana uku maimakon raguwa, ko ruwa mai wari, ko jinin da ya ƙi tsayawa, dalilin komawa asibiti ne a ranar.

Ba a yanke wa aikin hukunci sai bayan wata shida zuwa shekara. A cikin wannan lokaci gefen dasashin kan ƙara rarrafowa da kansa ya rufe kimanin milimita ɗaya, abin da aka fi gani a dashe mai fata. Abin da ke faruwa a ƙarƙashi kuwa, yawanci mannewa ce naman ke yi wa saiwa. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa, sai ɗan abin da ba a rasa ba a can ƙasa. Giovan Paolo Pini Prato da abokansa a Florence sun buga a 2018 abin da suka gani bayan shekara 20. Inda aka jawo dasashi kawai ba a sa masa nama a ƙarƙashi ba, wurare da dama sun sake janyewa. Inda aka sa naman ganɗa, gefen ya fi tsayawa, ko da yake shi ma ya ɗan ja baya. Wuraren da suka fi komawa su ne waɗanda dasashi mai tauri bai kai milimita biyu ba, da waɗanda tun farko an yi asara a tsakanin haƙora. Saboda haka likitan kirki ba ya sallamar mutum ranar cire zare. Yakan sa shi ya zo da buroshinsa ko asuwakinsa ya goge a gabansa, ya gyara masa riƙo, ya sauya masa zuwa mai laushi, ya kuma ba shi ranar dawowa a sake aunawa.